Yaya ake auna abin da jariri ya ci, nono da kunu, a binciken abinci mai gina jiki?

Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara a kan tsarin bincike. A ce ana son sanin abin da jarirai 'yan wata 3 zuwa 11 ke samu a rana a wata ƙaramar hukuma ta karkara, nono da sauran abinci duka. Wace hanya ce ta fi dacewa? Takardar tambayoyi kaɗai za ta wadatar, ko sai an haɗa da sikeli?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Malama Hadiza. Kafin a zaɓi hanya sai an raba tambayar gida uku, domin kowacce da ma'auninta. Akwai "me ya shiga bakinsa jiya", akwai "nono giram nawa ya sha", akwai kuma "kunu ko tuwo giram nawa ya haɗiye, kuma me ke cikinsa". Takardar tambayoyi ta farkon kawai take amsawa da kyau. Uwa za ta iya faɗa miki sau nawa ta ba shi mama, amma ba mahaluƙin da zai iya faɗin giram ɗin da ya tsotsa da ido. Wanne ne a cikin ukun binciken yake nema?

Hadiza: Dukkansu Dakta, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarfin abincin da yaro ke samu a rana, wato kalori.

Dakta Bashir: To ba makawa sai an auna nono. Bari in fara da tsohuwar hanya, awon jariri kafin shan nono da bayansa. Ana ɗora shi a sikeli, a rubuta, uwa ta shayar, a sake ɗora shi da kayan jikinsa iri ɗaya. Ba a canza masa nafkin ko famfas a tsakani, ko da ya yi fitsari ko kashi, domin nauyin yana nan a jikinsa kuma cire shi zai rage lissafi. Bambancin awo biyun shi ne nonon da ya sha a giram. Mai son mililita sai ya raba da 1.03, saboda nono ya ɗan fi ruwa nauyi. Ana yin haka a kowane shayarwa har awa 24, in da hali 48.

Sikelin shi ne ginshiƙi. Dole ya zama na lantarki mai karanta giram 1 ko 2, wanda ke ɗaukar matsakaicin nauyi yayin da yaro ke wutsil-wutsil. Sikelin rataye da ake awon wata-wata da shi a asibiti yana tafiya ne da giram 100, ga shi shan nono ɗaya kan iya zama giram 30 ko 40 kacal. Wannan ba zai ga komai ba. A ajiye sikeli a kan katako mai faɗi ba a kan tabarma ba, nesa da iska, a kuma gwada shi kowace safiya da ƙarfen da aka san nauyinsa.

Malama Rakiya: Dakta ka bar gyaran zufa. Yayin da jariri ke tsotso yana asarar ruwa ta fata da numfashi, kimanin giram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa a awa ɗaya. Ɗauki yaro mai kilo 6 da ya sha nono sau 15, kowanne minti 10. Minti 150 ke nan, awa biyu da rabi. Asarar ta kama giram 30 zuwa 45 da sikeli bai nuna ba. Shi ya sa ake rubuta lokacin awon farko da na biyu, ba nauyi kawai ba. A watan Afrilu a ɗakin kwano kuwa asarar za ta fi haka, kuma zufar uwa ma na jiƙa kayan yaron. Sai tumbuɗi: a ajiye ƙyalle da aka riga aka auna, a goge da shi, a sake aunawa.

Injiniya Lawal: Ni a ganina wannan hanyar ba ta dace da shayarwar gidajenmu ba sam. An tsara ta ne inda ake shayarwa a zaune, sau shida ko bakwai a rana. A nan yaro na goye, ya yi ƙorafi a juyo da shi ya tsotsa minti biyu a mayar. Da dare yana kwance gefen uwarsa yana sha tana barci. Wa zai tashi ya auna? Kuma da zarar uwa ta san kowane tsotso sai an kai yaro sikeli sau biyu, za ta rage yawan ba shi, ta tsawaita kowanne. Kin ga an auna wani abu dabam, ba abin da ke faruwa kullum ba.

Dakta Bashir: Gaskiya ne Injiniya, ban musa ba. Abin da wasu ke yi shi ne ma'aikaciya ta zauna a gidan awa 12 na rana, daga asuba zuwa magariba, sannan a ƙiyasta na dare daga wani ƙaramin rukuni da aka kwana da su. Amma ninka na rana sau biyu kuskure ne, domin rabon dare da rana yana canzawa da watannin yaro da kuma aikin uwa. A damina da mata ke gona, yaro ya fi ramawa da dare.

Farfesa Aminu: Wannan matsalar ce ta haifar da hanyar ruwa mai nauyi, wato diyuteriyam da ake ba uwa. Andy Coward da abokan aikinsa na Cambridge suka bayyana ta a farkon shekarun 1980, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta fitar da littafin jagora a kanta a 2010. Sunan hukumar kada ya tsorata kowa: diyuteriyam ba ya fitar da tururin nukiliya, nau'in haidurojin ne mai ɗan nauyi da yake cikin duk ruwan da muke sha, ɗan kaɗan.

Ga yadda ake yi. Ranar farko, wadda ake kira rana ta 0, a auna nauyin uwa da jariri, a ɗauki yawun kowannensu kafin a ba da komai. Wannan samfurin farko shi ne mizani, in ya lalace duk aikin ya tashi a banza. Sannan uwa ta sha giram 30 na ruwan diyuteriyam da tsinken shan lemo, a ɗauraye kwalbar da ruwan sha sau biyu ta shanye, don kada ɗigo ya rage. Ta ci gaba da harkokinta da shayarwa yadda ta saba. A koma a ɗauki yawun su biyun a rana ta 1, 2, 3, 4, sai 13 da 14. A rana ta 14 a sake auna nauyin jaririn.

Ruwan yana gauraya da ruwan jikin uwa, yana raguwa a hankali, kuma ba ya isa ga jariri sai ta nono. Don haka a yawun yaro za a ga yana hawa a kwanakin farko, sannan ya fara sauka. Na'urar FTIR, mai auna sinadari da haske, ke karanta yawansa, a zuba lambobin a jadawalin Excel na IAEA, ya fitar da abu biyu: matsakaicin nonon da yaro ya sha a rana cikin mako biyun, da ruwan da ya shiga jikinsa ta wata hanya ba nono ba. Ba a taɓa tsarin shayarwa ba, kuma na dare ya shiga lissafi. Wani nazari na 2010 da ya tattara irin wannan awo sama da 1,100 daga ƙasashe 12 ya samu matsakaici kimanin giram 780 a rana.

Hadiza: Allah ya ƙara basira Farfesa. Yaya ake samun yawun jariri ɗan wata uku?

Malama Rakiya: Da auduga mai tsabta da aka naɗa a ɗan sanda. A bari minti 15 aƙalla bayan shan nono na ƙarshe, domin ragowar nono a baki zai ɗaga lambar, tunda nonon ya fi yawun yaro diyuteriyam. A zagaya audugar a cikin kumatu da ƙarƙashin harshe har ta jiƙe, a sa ta a sirinji na mililita 20 da aka zare masa sanda, a mayar a matse cikin ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa. Ita uwa minti 30 ba ci ba sha kafin nata.

Inda aiki ke lalacewa kuwa ga shi. Kwalba a buɗe ko murfi sako-sako: ruwan yawu yana musanya da danshin iska, lambar ta canza. Ajiye kwalbar ruwan diyuteriyam a jaka ɗaya da samfura, ko wanda ya zuba ruwan ya taɓa auduga bai canza safar hannu ba: ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata samfurin farko. Rubuta rana ba tare da awa da minti ba: lissafin yana buƙatar ainihin lokacin da ya wuce tun shan ruwan. Sai kuma musanya kwalbar uwa da ta ɗa, wanda alƙalami mai launi biyu ke magancewa. A dawo da su cikin kula mai ƙanƙara, a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili, kowane gida a ledarsa.

Hajiya Binta: Ku ƙara da abin da ba ya cikin littafin jagora. Ɗaukar yawun jariri da na mai shayarwa ba ƙaramin abu ba ne a idon mutane, kowa ya san abin da ake tsoro. Sai an zauna da maigida da kakar yaro, ba uwa kaɗai ba, an nuna masu kwalbar, an faɗi inda za a kai ta da abin da za a yi da ragowar. Kuma kada a kira ruwan magani, domin ba ya warkar da komai, kuma in yaro ya yi zazzaɓi a mako biyun a kansa za a ɗora. Gidan da aka rasa a rana ta 13 da 14 asara ne gaba ɗaya, saboda waɗannan samfuran biyu su ke nuna saurin saukar ruwan. Don haka a tambaya tun farko ko akwai tafiya, biki ko ganin gida.

Injiniya Lawal: Farfesa, tambaya. Tunda hanyar na fitar da ruwan da ba na nono ba, ashe ita ce alƙalin da zai tabbatar ko uwa na shayar da nono zalla?

Farfesa Aminu: Har wani mataki, Injiniya, amma a yi hattara. Lambar ba ta fitowa kai tsaye, ragowa ce bayan an cire abubuwa. Ana lissafa dukkan ruwan da ya ratsa jikin yaro, a cire na nono, a cire wanda ya shiga ta fata da huhu daga iska, wanda ake ƙiyastawa kashi 6.3 cikin ɗari, a yi gyaran ruwan da jiki ya riƙe saboda girma. Kowane ƙiyasi da kuskurensa, duk kuma suna taruwa a kan wannan ragowar. Shi ya sa ko yaron da ba a ba shi komai ba ba ya fitowa sifili. An daɗe ana amfani da iyakar kusan giram 25 na ruwan da ba na nono ba a rana, daga baya wani aiki a Indonesiya a 2019 ya kawo giram 86.6. Tazarar nan babba ce: yaron da ake ba cokali biyar na ruwa kullum zai iya wucewa a matsayin mai nono zalla. Sannan hanyar ba ta san ko ruwan na rijiya ne, ko kunu, ko madarar gwangwani ba. In wata mace ta shayar da shi, nata nonon ma a ruwan waje zai fito, tunda ba ta sha diyuteriyam ba.

Hajiya Binta: Shi ya sa ban yarda a raina takardar tambayoyi ba. Laifin yawanci na mai tambaya ne. In aka ce wa uwa "kin ba shi wani abinci jiya?" za ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa, domin ruwa ba abinci ba ne a wurinta. Sai an bi ɗaya bayan ɗaya: ruwa, ruwan zamzam, rubutu, bauri ko wani jiƙo, zuma, man shanu, shayi, nonon akuya ko na shanu, koko. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2021, maganin asibiti, ruwan gishiri da sukari na gudawa da ɗigon bitamin ba sa karya nono zalla, amma jiƙon gargajiya yana karyawa. Kuma a tambayi duk wanda ya riƙe yaron jiya. Kaka ko 'yar raino ta ba shi ruwa lokacin da uwa ke wanka, uwar ba ta sani ba.

Wani abu da ake yawan kuskurewa a rahoto: wannan ma'aunin na nono zalla na jiya ne kawai, kuma na dukkan yara daga haihuwa zuwa ƙasa da wata shida a dunƙule. Kashi 29 cikin ɗari da binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya, NDHS, na 2018 ya nuna ba yana nufin kashi 29 sun cika wata shida a kan nono zalla ba. Yaron da aka ba ruwa shekaranjiya, ba a ba shi jiya ba, yana cikin lissafin. Abin da aka ba shi a kwanaki biyun farko kafin ruwan nono ya zo, ko zubar da dakashi, tambayarsu daban ce.

Dakta Bashir: Mu zo kan kunu, domin daga wata shida nan ne kuskure ya fi girma. Hanya mafi inganci ita ce awon abinci kai tsaye. Sikelin kicin mai karanta giram 1. A auna kofi babu komai, a auna da kunu, a auna ragowa. Sai abin da ya zube, wanda da yawa ke mantawa: a ɗaura wa yaro ƙyalle da aka auna, musamman inda ake ɗura, domin abin da ke bin haɓa da hannun uwa ba kaɗan ba ne. Misali an zuba giram 150, an bar 55, ƙyalle ya ƙaru da 15. Yaro ya ci 80, alhali uwa za ta ce ya sha kofi guda.

Amma giram 80 ɗin ba ya gaya miki komai sai kin san kaurin kunun. A auna kowane kayan haɗi kafin dahuwa, a auna tukunya duka bayan an sauke. Garin gero giram 60, wajen kalori 3.6 a giram, ya ba da kalori 216. In kunun ya fito giram 600, kowane giram na da kalori 0.36, giram 80 ɗin nan bai kai kalori 30 ba. In maƙwabciyarta ta dama giram 120 na gari a ruwa iri ɗaya ta ƙara gyaɗa, nata ya ninka ko ya fi. Sunansu ɗaya, kunun gero, kuma jadawalin sinadaran abinci zai ba su lamba ɗaya.

Malama Rakiya: Kuma in da gasara aka dama, ba za a yi lissafi da lambar busasshen gari ba, domin ita kanta ruwa ne da yawa a jikinta. Na saye a bakin hanya kuwa ba wanda ya ga haɗinsa. Mafita ita ce a ɗebi samfurin kunun, a busar a tanda mai zafin digiri 105 har nauyi ya daina sauka, a san busasshen abin da ke ciki. Jadawalin abincin Afirka ta Yamma na 2019 na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya, FAO, yana da amfani ga ɗanyen kaya, gero, dawa, gyaɗa, wake, kuka. Ga dafaffen kunun wani gida, awon tukunyar gidan ya fi shi.

Don a ga muhimmancin abin: cikin jariri na ɗaukar kimanin giram 30 a kowane kilo a zama ɗaya, mai kilo 7.5 ke nan giram 225 in ya ƙoshi dam. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2003 ta ce mai shan nono na buƙatar kalori 200 daga abinci a wata 6 zuwa 8, 300 a wata 9 zuwa 11, kuma an gina yawan cin ne bisa abincin da ya kai kalori 0.8 a giram. Kunu mai 0.36 bai kai rabin haka ba. Binciken da bai auna kauri ba zai iya cewa yara na cin sau uku, lafiya lau.

Hadiza: Idan yaro na cin tuwo a kwano ɗaya da yayyensa fa?

Hajiya Binta: Hanya biyu, kowacce da aibinta. Ko a ba uwa ɗan kwano tun kwana ɗaya kafin ranar awo a ce ta zuba masa daban, wanda ke sa a zuba masa fiye da abin da zai samu a kwanon taro. Ko ma'aikaciya ta ƙirga loma, sannan uwa ta yanko loma biyar irin waɗanda take ba shi a auna a ɗauki matsakaici. Miya daban ake ƙiyasta ta, da nauyin loma kafin tsomawa da bayansa. Kuma zaman baƙuwa a gida na sa a ƙara mai da nama a tukunya. Maganinsa kada a faɗi takamaiman ranar zuwa, sannan a riƙa duba ko ranar farko ta bambanta da ta biyu.

Injiniya Lawal: Kuɗin wannan fa? Ma'aikaciya ɗaya, gida ɗaya, wuni guda. Ga yara ɗari huɗu ba zai yiwu ba.

Farfesa Aminu: Ba a yi wa kowa. Ga dukkan yaran sai a yi tambayar abin da aka ci cikin awa 24, mai zagaye da yawa: jerin farko daga asubar jiya, sai bayanin kowane abu, sai yawa, sai bita. A wajen yawa a bar uwa ta zuba ruwa ko kunu na gaske a kofin yaron zuwa inda ya kai, ta nuna inda ya rage, a auna nan take. Kalmar ludayi ɗaya ba awo ba ce, ludayin kowane gida da girmansa. A san kuma cewa wannan hanyar na kai lamba sama: wani nazari a Amurka a 2008 ya ga ta zarce awon sikeli da kashi 13 cikin ɗari a jarirai, 29 a masu tatata, domin uwa na tuna abin da ta zuba ne fiye da abin da aka haɗiye. Sai a zaɓi rukuni ƙarami da ƙuri'a a yi masu awon sikeli da diyuteriyam, a gwada da abin da iyayensu suka faɗa, a san girman tazarar. A maimaita tambayar a wata rana da ba ta biyo ta farko ba, ko ga wani ɓangare, domin cin yaro na yau ba shi ne na gobe ba. A rarraba ranakun har da Juma'a da ranar kasuwa, a kauce wa sallah da ranar suna, a rubuta ko yaro na zazzaɓi ko gudawa, tunda mara lafiya kan ƙi kunu ya riƙe nono.

Dakta Bashir: Idan kuɗi bai kai ga diyuteriyam ba, wasu kan ɗauki matsakaicin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 1998 ga ƙasashe masu tasowa, giram 674 a wata 6 zuwa 8, 616 a wata 9 zuwa 11. Ya halatta wajen kwatanta rukuni, amma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙiyasi ne. Ba a amfani da shi a ce wane yaro ya gaza, domin yaron da ke cin kunu da yawa yakan rage nono, shi kuwa ƙiyasin kowa lamba ɗaya ya ba shi.

Hadiza: Na gode ƙwarai malamai. Saura abu ɗaya: in an samu giram ɗin nono, da wace lamba za a mayar da shi kalori?

Malama Rakiya: Yawanci 0.65 zuwa 0.67 a giram ake ɗauka. In ana son a auna na matan da kansu, kada a tatsi ɗan farkon nono kawai, domin maiƙo na ƙaruwa yayin da mama ke raguwa, na ƙarshen shayarwa kan ninka na farko ko ya fi. A tatse mama ɗaya gaba ɗaya a lokaci iri ɗaya ga kowace mace, bayan awa biyu ko uku ba a sha daga gare shi ba, a gauraya sosai, a ɗebi 'yan mililita, a ba yaro sauran da kofi. Kuma a yi tatsar bayan rana ta 14, ba cikin mako biyun diyuteriyam ba.